SHARHIN FIM: Garin da Sunansa Sabo, da Yadda Life of Pi Ya Nuna Shi

A gaɓar teku ta kudu maso gabashin Indiya, tafiyar kimanin kilomita 150 kudu da birnin Cennai, akwai wani gari da Turawa suka daɗe suna kira Pondiceri. A 2006 gwamnatin Indiya ta mayar masa da sunansa na asali, Puduceri. A harshen Tamil, ma'anar sunan ita ce sabon matsuguni. Wato dai Sabon Gari, ko Sabo a taƙaice. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu mutanen Sabo mu gyara zama idan aka ce ga fim ɗin da labarinsa ya taso daga can.

Fim ɗin shi ne Life of Pi, wanda Ang Lee, ɗan ƙasar Taiwan, ya ba da umarninsa, ya kuma fito a 2012. An ɗauko shi ne daga littafin Yann Martel, marubuci ɗan Kanada, wanda aka buga a 2001. Ya ci lambobin Oscar huɗu, har da ta gwarzon darakta. Ya kwana biyu da fitowa, amma har yau yana yawo a wayoyin yaranmu, don haka bai tsufa da sharhi ba.

Labarin a taƙaice shi ne, wani yaro ne ɗan Pondiceri da aka raɗa wa suna Piscine Molitor Patel. Sunan wani wurin ninƙaya ne a birnin Faris, wanda aminin mahaifinsa ya yaba ƙwarai. Da tsokanar 'yan makaranta ta ishe shi, sai ya gutsure sunan ya koma Pi. Mahaifinsa yana da gidan namun daji. Da zama ya yi wuya, sai ya kwashi iyali da dabbobi a jirgin ruwan Japanawa za su Kanada. Jirgi ya nitse. Pi ya tsira a ƙaramin kwalekwale tare da jakin dawa, da kura, da goggon biri, da wata damisar Bengal mai suna Richard Parker. Kafin wani lokaci saura shi da damisa, har kwana 227, sannan suka isa gaɓar Meziko.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Aikin hoto na fim ɗin nan, kai, sai wanda ya gani. Mafi yawan tekun da muke kallo a wani katafaren tanki aka ɗauke shi a Taiwan, damisar kuma galibinta aikin kwamfuta ce, amma in ta yi gurnani sai ka ja ƙafa. Suraj Sharma, wanda ya fito a Pi yana saurayi, bai taɓa yin fim ba kafin wannan, duk da haka shi kaɗai ya riƙe fiye da rabin fim ɗin. Marigayi Irrfan Khan, wanda ya fito a Pi bayan ya manyanta, a zaune kawai yake yana ba da labari, amma idonsa ya yi aikin da wasu ba sa yi da kuka. Tabu, wadda masu kallon fim ɗin Indiya a cikinmu suka sani, ta fito a uwa. Wurin da take durƙushe tana zanen farin gari a ƙasa, abin da Tamilawa ke kira kolam, yana daga cikin wuraren da aka kama al'adar mutanen daidai. Haka ma waƙar reno ta Tamil da Bombay Jayashri ta rera a farkon fim. Ko ba ka jin yaren, ka san uwa ce ke lallashin ɗa.

To, ina matsalar take? Tana cikin kimanin rabin awa na farko, inda aka nuna garin. Abin da aka ba mu shi ne tituna masu tsabta, furanni, fitilu a kan ruwa, 'yan mata masu rawa, da wani ƙamshi-ƙamshin Faransa. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa Faransawa da Tamilawa sun haɗu ne cikin raha, kowa ya kawo nasa aka dama fura. An yi tuya an manta da albasa.

Ga abin da tarihi ya ce. Kamfanin cinikin Faransa ya kafa sansani a wurin a 1674 ƙarƙashin François Martin. Holandawa suka ƙwace a 1693, suka mayar a 1699. Ingilishi suka rushe garin kusan ƙurmus a 1761. Sai a 1816 ya zauna a hannun Faransa ba tare da ƙwace ba, har zuwa 1 ga Nuwamba 1954 da aka miƙa wa Indiya mulkinsa, aka kuma kammala a takarda a 1962. A tsawon wannan zama, wani dogon lambatu ne ya raba garin biyu. Ɓangaren da ke bakin teku, mai iska da faɗin titi, sunansa a hukumance Garin Farare. Na bayan lambatu kuma Garin Baƙaƙe. Haka aka rubuta a taswira, ba ɓoye-ɓoye. Fim ɗin bai tsaya ya gaya mana wa ya ja wannan layi ba, ko me ya sa aka ja shi.

Abin mamaki, Bafaranshe ɗaya tak da aka ba rawa mai nauyi a fim ɗin shi ne kukun jirgi, wanda Gérard Depardieu ya fito. Shi ne ya wulaƙanta uwar Pi don ta ce ba ta cin nama. Ka ga dabarar: duk rainin da aka yi shekara kusan 300 ana yi, an tattara an ɗora wa mutum ɗaya mara tarbiyya, a tsakiyar teku, nesa da gari. Da haka garin ya fita fes, ba tabo.

Haɗuwar al'adun nan biyu gaskiya ce, ba mu musa ba. Har yau 'yan sandan garin suna sa jar hula irin ta Faransa. Tituna suna ɗauke da suna a Faransanci da Tamil. Ana bikin 14 ga Yuli, ranar ƙasar Faransa, kuma makarantar Faransanci da aka kafa a 1826 tana nan tana aiki. Amma in ana neman inda aka yi haɗin da gaske, sai an tsallaka lambatu. A can ne gidan Ananda Ranga Pillai yake, babban tafinta kuma dillalin Gwamna Dupleix. Ƙasan gidan ginin Tamilawa ne, da tsakar gida da ginshiƙan katako masu sassaƙa, saman bene kuma ginin Turai. Mutumin nan ya yi shekara 25, daga 1736 zuwa 1761, yana rubuta abin da ke faruwa kullum da harshen Tamil, kuma da rubutunsa masana ke gane yadda Faransawan kansu suka yi zamansu. A unguwar tasu, kowane tsohon gida yana da rumfa da ta leƙo titi, da dakali a ƙofa wanda suke kira tinnai, inda maƙwabci ke zama hira, baƙo kuma ya huta ba sai ya yi sallama cikin gida ba. Gidajen Garin Farare kuwa katanga ce doguwa da ƙyaure a rufe. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da zaure ya san wanne ne a cikin biyun ya fi karɓar baƙo. Darakta mai idon Ang Lee, da ya so, da hoto ɗaya zai nuna wannan bambanci.

Sannan akwai waɗanda guminsu ya riƙe garin. Masaƙa da marinan Pondiceri su suka riƙa yin wani baƙin yadi rinin shuni da Faransawa ke kira gine. Jiragen ruwa suka riƙa kai shi har kogin Sanagal, inda ya zama kamar kuɗi a cinikin ƙaro. Ashe tun tuni hannun marinin Tamil ya taɓa Afirka ta Yamma. Bayan Faransa ta soke bauta a 1848, daga tashoshin Pondiceri da Karaikal aka riƙa lodin Tamilawa zuwa gonakin rake a tsibiran Reyuniyon da Matinik da Gwadaluf, da sunan ƙwadago na yarjejeniya, kuma da yawansu ba su sake ganin gida ba. A 1881 aka yi dokar da ta ce Ba'indiye zai iya zama cikakken ɗan ƙasar Faransa in ya yarda ya bar dokokin addininsa da al'adarsa a kan aure da gado, ya kuma ɗauki sabon suna. Yaron da aka sa wa sunan wurin wankan Faris, a garin da canjin suna ya taɓa zama farashin 'yanci, ai labari ne babba. Fim ɗin ya mayar da shi abin dariyar 'yan aji. A ranar 30 ga Yuli 1936 kuma aka buɗe wa ma'aikatan masaƙa masu yajin aiki wuta, mutum 12 suka mutu, kuma bayan haka ne aka amince da aikin awa takwas a 1937. Masuntan bakin tekun ma, waɗanda daga kalmarsu ta kattumaram Turawa suka samo sunan wani irin jirgin ruwa, ba su sami gurbi ba a fim ɗin da kusan dukansa a kan ruwa yake.

Wani zai ce, to ai ba fim ɗin tarihi ba ne, labarin yaro da damisa ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a cusa duk wannan a cikin awa biyu ba. Amma fim ɗin da kansa ne ya jingina halin Pi da garin. Yana so mu yarda cewa yaron ya zama mai buɗaɗɗiyar zuciya ne saboda ya tashi inda al'adu suka cuɗanya. In ka ci bashin sunan gari don ka gina jaruminka, ya kamata ka biya da gaskiyar garin ko da kaɗan ce. Ko sunan Patel ma na mutanen Gujarat ne, can yammacin Indiya. Ke nan da an so, da an nuna iyalin a matsayin baƙin da suka zo neman abinci suka zauna, kamar yadda kakanninmu suka zo Kurmi. Ba a ko leƙa wannan ƙofa ba.

Sai batun addini, wanda muka san shi zai fi tsaya wa iyaye a rai. Pi ya tashi a addinin Hindu, ya ga coci a garin Munnar ya ƙara Kiristanci, ya ji kiran salla a unguwar Musulmi ya shimfiɗa darduma. Duka uku a lokaci guda. An nuna masallatan cikin natsuwa da mutunci, wannan mun yaba. Amma rabon Musulunci a fim ɗin bai wuce 'yan mintoci ba, babu malami, babu karatu, babu tauhidi. A Pondiceri ta gaske, Musulmin Tamil suna da unguwarsu da tsofaffin masallatansu, har akwai Titin Malamai da Titin Alƙali. 'Yan Hindu suna da wurin bautar Manakula Vinayagar, wanda ya riga Faransawa zuwa, suna kuma kai gumakansu bakin teku a bikin Masi Magam. Kiristoci suna da manyan majami'unsu. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna kasuwa ɗaya, kowa da alƙiblarsa. Wannan shi ne zaman tare, kuma ya fi abin da fim ɗin ya nuna wuya, ya fi shi daraja. Mu da ke zaune da Yarbawa Musulmi da Kirista da masu gargajiya ba sai an yi mana bayani ba. Mahaifin Pi ma ya faɗa masa a kan tebur cewa mai bin komai a lokaci ɗaya ba abin da yake bi, sai dai fim ɗin ya bar dattijon da maganarsa ya wuce.

Ƙarshen fim ɗin ma a kan wannan turba yake. Pi ya ba jami'an Japan labari biyu: na dabbobi mai daɗin ji, da na mutane mai ɗaci, inda kuku ya yi kisa. Sai aka bar mai sauraro ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi, aka ce haka lamarin imani yake. Mu dai ba mu karɓi wannan ba, domin ba daɗin labari ke mai da shi gaskiya ba. Kuma abin da Pi ya yi wa jami'an nan shi ne Ang Lee ya yi mana a kan Pondiceri: ya ba mu labarin mai daɗi. Bambancin kawai shi ne, Pi ya faɗi na biyun da aka matsa masa.

Me ya sa abin ya dame mu? Mu nan Badun, tun 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa. Duk wanda ya zo da kyamara, mai tsire yake nema, da ɗan canji, da mai goro, ya ɗauka ya tafi. Ba ya tambayar yadda aka yi aka zo, ko wa ya gina masallaci, ko nawa aka binne a nan. Wanda aka saba yi wa haka bai kamata ya ga ana yi wa wasu ya tafa ba.

Hukuncinmu shi ne a kalli Life of Pi, ya cancanci awa biyun. Amma ƙananan yara kada a bar su su kaɗai, saboda nitsewar jirgi da kashe-kashen dabbobi, manyan kuma a zauna da su a yi maganar addinin nan a fili. In yaro ya tambaya ina ne garin, a gaya masa sunansa Sabo ne da yarensu, kuma akwai lambatu a tsakiyarsa. Matasanmu masu ɗaukar bidiyo da waya kuwa, ga dattawa nan a kan dakali suna da labarin unguwa tun daga tushe. A je a ɗauka tun suna nan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.