Masu Leƙa Cikin Yauƙi

Duk mai haɗa sabulun ruwa ta san aikin gishiri. Haɗin yana nan tsararo, sai ta barbaɗa gishiri kaɗan ta dama, nan da nan ya yi kauri ya fara yauƙi. In hannu ya zarce kuma, ya sake tsinkewa. Abin da ya faru a bokitin shi ne, ƙwayoyin sabulun da a da suke dunƙule sun miƙe sun zama zare-zare masu kama da tana, sun sarƙe da juna. Masana suna ce musu misel. Siririntarsu ta kai in ka jera dubu goma gefe da gefe, da ƙyar su kai kaurin gashi guda. Kullum kuma cikin tsinkewa da sake haɗewa suke, halin da Michael Cates ya yi wa lissafi a 1987.

To, akwai mutanen da sana'arsu ita ce gano inda waɗannan zaruruwa suke fuskanta sa'ad da ruwan ke tafiya. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne ba sa yarda da lambar da na'ura ta ba su sai sun leƙa da kansu.

Kayan aikin tsoho ne, tun wajen 1890 Bafaranshe Maurice Couette ya fito da shi. Silinda biyu ne, ƙarami cikin babba, da rata kamar milimita ɗaya a tsakani, inda ake zuba ruwan. Ana juya ɗaya, ɗayan yana tsaye. Ruwan da ke jikin mai juyawa ya bi shi, na jikin tsayayyen ya zauna, na tsakiya kuwa ya riƙa zamewa bisa juna. Na'urar da ake kira riyomita ita ke auna ƙarfin da juyin ya ci.

A ruwan kiristal ana gani sarai cewa fuskantar ƙwayoyi tana da tasiri, wato irin ruwan da ke cikin allon wasu wayoyi da talabijin, wanda ƙwayoyinsa suke kamar tsinken ashana, suna kwarara amma sun kalli gefe guda. A shekarun 1930, a Krakow ta ƙasar Poland, Marian Mięsowicz ya riƙe su da maganaɗisu, ya nuna cewa ruwa ɗaya yana da kauri iri uku, gwargwadon inda aka juya ƙwayoyinsa. Daga baya Jerald Ericksen da Frank Leslie suka bayyana dalilin da ya sa wani ruwan kiristal, kamar wanda ake kira 5CB, yake ɗan karkacewa ya tsaya cak a cikin kwarara, alhali ɗan'uwansa 8CB a wani zafin sai ya yi ta alkafura. Bambancinsu kuwa ƙwayar kabon uku ne kacal a wutsiyar ƙwayoyinsu.

Amma a kan misel gwanintar ta fi fitowa. Ana ƙara gudun juyi, ƙarfin yana ƙaruwa, sai a kai wani gaci inda ko an ninka gudun, ma'aunin ba ya motsi. Wanda bai sani ba sai ya ce na'ura ta lalace. Ashe ruwan ne ya rabu gida biyu a cikin ratar nan ta milimita ɗaya. Kusa da silindan ciki zaruruwan sun jeru sun miƙe, suna gudu ba wahala, can gefe kuma sauran suna nan a sarƙe suna jan ƙafa. Ƙara gudu ba ya yin komai illa faɗaɗa yankin masu gudun.

Ta yaya ake ganin wannan? Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ruwan tsakanin gilasan tace haske guda biyu da aka giciye. In zaruruwan a hargitse suke, duhu za ka gani. Da sun jeru, sai wani siririn layi mai haske ya bayyana. A shekarun 1990 Paul Callaghan da abokan aikinsa a New Zealand suka ɗauki dabarar da injin MRI na asibiti yake aiki da ita, suka auna gudun ruwan wuri-wuri a cikin ratar. Wasu kuma sukan je cibiyar niyutiron ta Grenoble a Faransa, su haɗa sabulun da wani irin ruwa da ake kira ruwa mai nauyi don ya fito sosai, su harba masa niyutiron. Ruwan da ke zaune yakan ba da hoto zagayayye, wanda ya jeru kuma hotonsa ya miƙe gefe biyu.

Duk wannan kuwa kumfa ɗaya tak tana iya ɓata shi. Akan bar haɗin ya kwana biyu ko fiye don ya huce, a tsare zafinsa kada ya gota, a rufe shi kada ya ƙafe. Sannan ga mugun abokin gaba, wato santsi. Wani lokaci ruwan bai rabu ba sam, suɓucewa kawai yake yi a jikin ƙarfen, ma'auni kuma ya nuna lamba mai kama da ta rabuwar. Gwani da ya yi zargin haka sai ya cire silindan ya sa mai kaushin jiki, ya zuba sabon haɗi, ya koma farko.