Warwarar Ƙulli a Ƙarshen Shirin "Avatar"

Shirin zane mai motsi na Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008, ya bar masoyansa cikin gardama kan yadda ya ƙare.

Tauraron labarin, Aang, ya tashi bisa aƙidar kada a kashe rai, ga shi kuma yaƙin shekara 100 ba zai ƙare ba sai an kawar da Sarkin Wuta, Ozai. Daf da arangama sai wani kunkuru mai kan zaki ya ba shi ikon zare baiwar sarrafa wuta daga jikin Ozai ba tare da kisa ba.

Masu suka na cewa marubutan sun tsallake ƙullin da suka ƙulla. Masu kāre shirin kuwa suna kafa hujja da hoton kunkurun da ya bayyana a ɗakin karatu na cikin hamada tun zango na 2.

Hujjar masu suka ta fi ƙarfi. Mai kallo ya ga dabbar, amma ba a shimfiɗa masa ikonta ba. Jigon ya tsira, zubin labarin ne ya raunana, domin mafita ta zo wa Aang daga waje, ba daga abin da ya koya a tafiyarsa ba.