Littafin Baba ta Karo da Tsofaffinmu

Baba ba ta iya karatu ba, amma ta bar littafi. A 1949 da 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta. Daɗinsa, ba ta tsaya ga sarakuna ba. Ga wasan yara, ga ƙawance, ga kunyar ɗan fari, ga tsoron masu kamun bayi. Ina karantawa, sai ka ce kakata ce ke magana a Dogon Dutsi.

Aibinsa ɗaya: da Hausa ta faɗa, amma da Ingilishi ya fito a 1954, da Faransanci a 1969. Ɗalibaina ba su jin ko ɗaya.

Ku da kuka koyi rubutu, ga tsofaffi nan a Tibiri da Matankari. Ku rubuta nasu labarin da Hausa, tun ƙasa ba ta rufe masu ido ba.