Yahudawan Tuwat Tsakanin Markaz Agege da Jami'a

Wanda ya saba zama majalisin tafsirin azumi a Zangon Agege ba baƙo ba ne ga labarin Banu Isra'ila. Ya ji ƙissar saniya, ya ji ta Samiri, ya kuma ji malam na ja wa mutane kunne cewa ruwaya kaza Isra'iliyya ce, daga Ka'abul Ahbar ko Wahabu ɗan Munabbihu ta fito. Amma ka tambayi wannan mai sauraro ko Yahudawa sun taɓa zama a kan hanyar fatauci da ta haɗa Kano da Arewacin Afirka, sai ya ce bai taɓa ji ba. Ɗan jami'a ma bai fi shi da komai ba, kuma dalilin a tsarin karatun yake.

A jami'o'inmu, tun daga Ibadan har LASU da ke Ojo, an raba sanin Yahudawa gida biyu. Sashen addinin Kirista ya ɗauki Tsohon Alkawari da ɗan Ibrananci, labarin ya tsaya a zamanin Annabi Isa. Sashen addinin Musulunci ya ɗauki Banu Ƙainuƙa'a, Banu Nadir, Banu Ƙuraiza da Haibara, ya rufe littafi. Duk abin da ya biyo baya, na shekara fiye da dubu, ya zama maraya.

Fagen da ake kira nazarin Yahudanci a Turai ya faro ne a Balin a 1819, lokacin da Leopold Zunz da abokansa suka ce a karanta littattafansu da idon masanin tarihi, ba na mai wa'azi kaɗai ba. Abin da ya fi shafarmu daga cikinsa shi ne takardun da Solomon Schechter ya kwaso daga wani ɗaki a majami'ar Ben Ezra ta tsohuwar Alƙahira zuwa Kambirij a 1897. Yahudawan wurin ba sa yar da takarda mai sunan Allah, kamar yadda tsoho a nan zai tsinci yagaggiyar warƙa ya cusa ta a ramin bango. Cikin tarin akwai wasiƙun fatake da takardun aure da na bashi, da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci. Daga nan S. D. Goitein ya fitar da tarihin zaman Musulmi da Yahudu a kasuwa ɗaya.

Namu rabon na wannan tarihi yana wuyan mutum guda: Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili. Mu mun san shi baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya rubuta masa nasihar mulki, kakan Sharifan Kano. Kafin ya iso Kano, wajen 1492, ya tayar da fitina a Tamantit ta ƙasar Tuwat, wadda ke kan waccan hanyar fatauci, yana cewa Yahudawan garin sun warware alkawarin zimma, don haka a rushe majami'arsu. Ba duk malamai suka bi shi ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ƙi. Attanasi na Tilimsan kuwa ya goya wa Almaghili baya. Alwansharisi ya adana fatawoyin ɓangarorin a cikin littafinsa Mi'iyar. An rushe majami'ar, an kashe mutane, sauran suka watse. Almaghili yana Gawo wajen Askiya Muhammadu labarin kisan ɗansa a Tuwat ya riske shi.

Littattafai biyu sun isa nuna tsagar. Shehu Adamu Abdullahi Al'ilori, wanda ya kafa makarantar Markaz a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, ya rubuta littafin Larabci a kan Almaghili da tasirinsa ga mulkin Musulunci a ƙasar nan. John Hunwick, wanda ya koyar da Larabci a Ibadan a shekarun 1960, ya fitar da nasa a 2006 a kan yadda aka kawar da Yahudawan Tamantit. Mutum ɗaya ne, kowa ya riƙe fuska ɗaya. A ganina wanda ya karanta guda ya bar guda bai san Almaghili ba, kuma ɓoye fuskar Tuwat ba girmama malami ba ne, tunda takwarorinsa sun yi masa gardama a fili da hujjar fiƙihun Malikiyya.

Wasu za su ce zancen Falasɗinu ya sa batun ya yi zafin taɓawa. Gaskiya ne, amma rikicin Tuwat ya riga kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da shekara fiye da ɗari huɗu. Aikin kuma yana buƙatar Larabcin fiƙihu, da Faransanci don karanta irin binciken Ismael Diadié Haïdara kan Yahudawan Tumbutu, da haruffan Ibrananci ashirin da biyu. Mafi wuyar cikinsu Larabcin ne, shi kuwa ɗalibin Markaz yana da shi tun kafin ya cika takardar JAMB.