Abin da Kocin Yara Ke Yi Tsakanin La'asar da Magariba

Tun da Sanata Barau Jibrin ya kafa Barau FC a 2024, hirar ƙwallo ta sauya salo a Kano ta Arewa. A da, in an zauna teburin mai shayi a Bagwai ko Kiyawa ko Gadanya, gardamar ba ta wuce Madrid da Barcelona, sai in Pillars ta yi abin magana a tuna da ita. Sai ga ƙungiyar sanatan yankin, ta haye Firimiyar Najeriya a 2025, ta kuma ɗauko Ladan Bosso a wannan shekarar ta damƙa masa horarwa. Nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce ƙungiyar mutum ɗaya ta fi saurin yanke shawara. Wancan ya ce ai gwamnati ba ta mutuwa, kuma Pillars da ke hannun jihar Kano ta ci gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sai a bari sabuwar ta ci ɗaya tukuna. Wani kuma ya tuna cewa Bosso ne ya kai Flying Eagles, 'yan ƙasa da shekara 20, zagayen kwata-fainal a Kanada a 2007, ya maimaita a Ajantina a 2023 bayan ya fitar da masu masaukin baƙi da ci 2-0, saboda haka mutumin matasa ne, zai duba yaran gida.

To, amma mai horar da 'yan ƙasa da shekara 20 zaɓe yake yi cikin waɗanda wani ya riga ya gina. Saurayin da ya kai shekara 19 bai iya tarbar ƙwallo da ƙafar hagu ba, da wuya ya iya ta yadda za ta ciyar da shi. Ginin ana yin sa ne tsakanin shekara 9 da 14, a hannun mutumin da sunansa ba ya shiga gardamar majalisa, domin a lokacin da ake yin ta shi yana fili.

Filin ma sai an nema. Ƙasar Bagwai gona ce ke gogar gona, kuma inda ruwan madatsar Watari ke kaiwa ko da rani ba a barin ƙasa ta huta. Abin da ya rage wa ƙwallo shi ne filin firamare ko gefen filin idi. Aikin farko shara ce. Koci yakan jera yaran kafaɗa da kafaɗa, su taka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan suna tsintar tsidau da tsakuwa da fasasshiyar kwalba. Ƙayar tsidau guda ta isa ta sace iskar ƙwallo, ta kuma zaunar da yaro mara takalmi. Yana tsaye a bayansu, kuma tun daga nan ya fara karatu: wa ke sunkuyawa da gaske, wa ke shure ƙaya da gefen ƙafa ya wuce.

Sai shata layi. Yana da igiya mai tsawon mita 12 da ya ƙulla a kan mita 3 da kan mita 7. In aka kafa turaku uku, aka ja ta ta miƙe tsam ta zama mai gefe 3 da 4 da 5, kusurwar da ta fito daidai take ba karkata. Daga nan ya ja layi, yaro na biye da gwangwanin toka yana barbaɗawa. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ba babban fili yake shatawa ba. Ƙanana yake yankawa, kamar taku 30 da taku 20, robobin ruwa cike da yashi su ne alamar raga. Dalilinsa a fili yake. In aka zuba yara 22 a babban fili, manya uku ko huɗu ne za su riƙe wasan, ƙaramin ya yi ta gudu har a tashi bai taɓa ƙwallo sau biyar ba. In huɗu da huɗu ne kuwa, ba wurin ɓuya, ƙwallo za ta same ka ko kana so ko ba ka so.

Ita ma ƙwallon da nata ilimin. Ta manya, lamba 5, nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, kewayenta santimita 68 zuwa 70. Ga ɗan shekara 10 ta yi girma, takan sa shi bugu da tsinin yatsu don kawai ta motsa, kuma wannan ɗabi'a ce mai wuyar kankarewa. Lamba 4 ce tasa. Koci yakan ba ta iska da famfon keke, ya danna da manyan yatsunsa biyu, ya sake ta daga ƙirji ya ga inda ta dawo. Da rani, da ƙasa ta bushe ƙamas, yakan rage iskar kaɗan don kada ta riƙa tsalle. In ta sace, bokitin ruwa ne ke tona asirin hujin, inda kumfa ke fitowa nan ne, sai a kai wa mai faci, baduku ya mayar da ɗinkin.

Yanzu aka zo wurin da sana'ar take, wato tarba, taɓawar farko da ɗan wasa ke yi wa ƙwallo idan ta iso shi. Mai kallo a gidan kallo ba ya ganin ta, don idan an yi ta daidai kamar ba a yi komai ba ne. Ga yadda ake warware ta ga yaro. Ƙafar da ya tsaya a kai, gwiwarta a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan gaban tafin ba a kan dunduniya ba. Ƙafar tarba a juya ta waje, cikin ƙafar ya fuskanci ƙwallo, yatsu a ɗage, idon sawu a ɗaure. A ɗaga ta daga ƙasa kaɗan don ta sami ƙwallon a tsakiyarta, in ta yi ƙasa ƙwallo ta hau ta tashi sama, in ta yi sama ta sulale ta ƙarƙashi. Sannan abin da ba ya koyuwa da baki: a daidai lokacin da suka haɗu, ƙafar ta ja baya kaɗan ta shanye ƙarfin. Duk wanda ya ga magini a kan katanga ana jefo masa tubali ya san wannan motsi, hannunsa ba ya karo da tubalin, rakiya yake yi masa. Koci yakan durƙusa ya riƙe idon sawun yaro da hannu, ya mirgino ƙwallo da ɗaya hannun, ya ja ƙafar baya da kansa, sau goma, sau ashirin, har jikin yaron ya gane abin da kunnensa bai gane ba. Daga nan ya tura shi katangar aji, ya buga ta dawo ya tarba, dama sannan hagu, hagun ta fi yawa.

Idan wannan ta zauna, sai ya rushe rabinta. Ba a son ƙwallo ta mutu a ƙarƙashin ƙafa, domin wanda ya tsayar da ita cak ya tsaya ke nan shi ma, abokin karawa ya iso. Ana son taɓawar farko ta tura ta taku ɗaya zuwa inda babu kowa. Kuma a tarbe ta da ƙafar da ta fi nisa da mai bayarwa, a bar ta ta ratsa gaban jiki, ta yadda ƙirji zai buɗe ya fuskanci fili maimakon ya ba shi baya. Rabin daƙiƙa ake ribata a nan. A ganina wannan rabin daƙiƙar ita ce tazarar da ke tsakanin gwanin unguwa da wanda zai ci abinci da ƙwallo.

Sai dai ba ka tura ƙwallo inda babu kowa sai ka san inda kowa yake, kuma sanin nan kafin ta iso ake yin sa. Saboda haka ake koyar da waiwaye. Yara biyu na fuskantar juna, koci ya tsaya a bayan mai tarba. Da an sako ƙwallo sai ya ɗaga yatsu, biyu ko huɗu ko uku, kuma dole yaron ya juya kai ya faɗi adadin da ƙarfi kafin ƙwallon ta taɓa ƙafarsa. Ranar farko abin dariya ne, wanda ya ga yatsu ya rasa ƙwallo, wanda ya sami ƙwallo ya yi ƙaryar lamba. Bayan makonni sai wuya ya koyi lokacinsa: ana waiwayawa ne yayin da ƙwallo ke tafiya tsakanin ƙafa da ƙafa, ba lokacin da ake buga ta ba. Geir Jordet, wani mai bincike ɗan Norway, ya bi hotunan bidiyo na 'yan wasan Firimiyar Ingila yana ƙirga irin wannan juya kai, ya gano cewa masu yawan yin sa kafin su karɓi ƙwallo sun fi isar da ita ga nasu. Kocin ƙauye ba shi da kyamara. Yatsunsa ke yi masa aikin.

Daga nan sai zagaye, biyar a waje biyu a tsakiya suna farauta, kowa taɓi biyu kawai, wanda ya zubar ya shiga ciki. Atisayen da Johan Cruyff ya mayar abincin yau da kullum a Barcelona ke nan, kuma bai buƙatar komai sai ƙwallo ɗaya da da'irar toka. A ƙasa mai gargada yana da ƙarin darasi. Ƙwallo mai tafiya a sanyaye kowane rami na juya ta, don haka ana koya wa yaro ya ba ta da ƙarfi, mai tarba kuma ya sa jikinsa duka a bayan hanyarta, ya zuba ido kan tsallenta na ƙarshe. Ba na cikin masu yabon mugun fili, ya karya ƙafafu da yawa. Amma gwanin koci ba ya zama yana jiran ciyawa.

Idan an fara wasan huɗu da huɗu, sai ya yi shiru, kuma shirun nan horo ne. Samarin da ke zaune a kan katanga su ke ihu, "Buga! Yanke shi!" Shi kuwa usur ɗinsa na rataye. Can sai ya hura, kowa ya daskare a inda yake, ya taka zuwa wurin yaron.

"Ɗana, me ka gani kafin ka buga?"

"Koci, ban ga kowa ba."

"To, duba hagunka yanzu."

Yaron ya juya ya ga abokinsa tsaye shi kaɗai. Ba zagi, ba dogon wa'azi, aka mayar da ƙwallo aka ci gaba.

Idonsa kuma na kan jikinsu. Ɗan shekara 13 da ya riga sa'o'insa girma zai yi ta cin ƙwallaye da ƙarfin kafaɗa, kowa ya ce an sami tauraro. Koci yakan haɗa shi da manya don ya rasa wannan ƙarfin ya nemi dabara, ya kuma yi haƙuri da siririn da ake turewa amma kansa na juyawa. In yaro mai miƙewa ya fara dafa ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, ya san ƙashi ne ke gaba da jijiya wajen tsawo, sai ya rage masa gudu da tsalle na wani lokaci. Ƙanana ba ya sa su dukan ƙwallo da ka, hukumar ƙwallon Amurka ma ta hana haka ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015. Da bazara jarkar ruwa na gindin darbejiya, da azumi atisaye ya zama na taɓi ba na gudu ba, kuma ko wasa ya yi daɗi yaya, kafin kiran magariba an tashi.

Wannan na ƙarshen shi ke riƙe masa iyaye. Ba ya ɗaukar yaro sai ya je ƙofar gida ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Baba, alfarma na zo nema, a ba ni aron yaron nan da yamma." Uban ya gindaya nasa sharaɗin, sai an taso Islamiyya, da damina kuma sai an gama noman rana. Koci ya karɓa, ya kuma zama shi ne mai korar yaron daga fili ranar da ya tsallake makaranta.

A wannan zaman ne yake tambayar abin da ya fi komai tsada, wato ainihin ranar haihuwa, ya rubuta a littafinsa mai bangon kwali tare da ranar da yaron ya fara zuwa. Rage shekaru ya daɗe yana cin ƙwallon ƙasar nan. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda filin Sani Abacha na Kano na cikin masu masaukinta, FIFA ke amfani da na'urar MRI tana ɗaukar hoton wuyan hannu, domin akwai guringuntsi a bakin ƙashin da ke rufewa idan girma ya kammala. A 2016 yara 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ce ta fitar da Najeriya, ƙasar da ta ci kofin duniyar a 2013 da 2015.

Littafin yana da wani amfanin da mutane kaɗan suka sani. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana da kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, 12 zuwa 15, kowace na da kwatan kashi ɗaya, jimla kashi 1 cikin 100. A cinikin Yuro miliyan ɗaya, Yuro 10,000 ke nan, kuma ana sake biya duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Sai dai haƙƙin na ƙungiya mai rajista ne, kuma tun 2022 FIFA na bin tarihin rajistar ɗan wasa ne a kwamfuta kafin ta saki kuɗin. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa yakan tara hotunan fasfo da takardun haihuwa a leda, ya ware rana guda, ya hau mota ta Bichi zuwa Kano, ya shigar da ƙungiyarsa da sunayen yaransa a hukumar ƙwallon jiha tun suna 'yan shekara 12.