Na'urar da Ke Jin Kwabo a Ƙarƙashin Jar Ƙasar Abuja

Damina uku ke nan ina yawo da na'urar gano ƙarfe Equinox 800 a gonakin da ke tsakanin Gwagwalada da Kwali, amma har yau in na ɗauke ta sai in ji daɗin da na ji ranar da na buɗe kwalinta. Kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya ne ya fito da ita kasuwa a 2018. A wajenmu masu neman zinariya aka fi sani da na'urar gano ƙarfe, musamman tun da arzikin Jado ya ɓarke a arewacin Nijar a 2014. Ni kuwa tsofaffin kuɗi nake bi: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi da sule, waɗanda suka zube daga lalitar kakanninmu a hanyar kasuwa, ƙasa ta rufe su tun kafin a yi mafarkin ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976. A wannan fage, wallahi ban ga ta biyunta ba.

Duk wanda ya san ƙasar Abuja ya san ja ce, ga marmara, ga burji, kuma wannan jan sinadarin ƙarfe ne a cikinta. Shi ya sa na'ura ke rikicewa a nan, ta yi ta ƙara kamar ƙasar gaba ɗaya kuɗi ce. Sabon shiga yakan ɗauka cewa in ya ƙure ƙarfin jin na'urar zai kai can ƙasa. Ina! Tamkar mai kunna babbar fitilar mota ne cikin hazon hunturu: hasken ya ƙaru, ganin ya ragu.

A nan Equinox ta sace mini zuciya, domin tana ba ka dama ka lallashi ƙasar kafin ka tambaye ta. Ina isa gona, sai in ɗaga faifanta sama in bar ta ta zaɓi tashar da ba ta da hayaniyar wayoyin wuta. Daga nan in sami wuri mai tsabta, babu ko ƙusa, in danne maɓalli ina ɗaga faifan ina saukewa, ina ɗagawa ina saukewa. Kana ji da kunnenka gurnanin ƙasar yana lafawa, yana lafawa, har ya yi tsit. Wannan shirun, jama'a! Shi ne rabin aikin. In na tashi daga jan tudu na gangara fadama inda ƙasa ta yi baƙi, sai in sake daidaitawa, don abin da ya dace da can bai dace da nan ba.

Sai ƙarfin ji, wanda ke tashi daga 1 zuwa 25. Nakan hau da shi a hankali har ta fara 'yan surutai, sannan in dawo baya da mataki ɗaya ko biyu.

Amma maɓallin da na fi ƙauna, wanda mutane da yawa ba sa ko taɓawa, shi ne na saurin farfaɗowa, wato yadda na'urar ke sakin ƙarar abu ɗaya ta kama ta gaba. Daga 1 zuwa 8 yake. A tsohon kufai mai cike da ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe, dole ka ɗaga shi don ta raba kwabo da ƙusar da ke kwance kusa da shi, sai dai zurfi zai ragu. A buɗaɗɗiyar gona kuwa, sauke shi zuwa 3 ko 4, ka rage saurin hannunka, faifan yana shafar ƙasa kamar mai share tsakar gida da asuba. Nan za ka fara jin wasu 'yan ƙananan muryoyi da da can ba ka ji. Haka ma maɓallin da ke sa ta zargi abu da zama baƙin ƙarfe: ina barin sa ƙasa ƙasa, domin kuɗin da ya nutse sosai yakan zo da murya mai gauraye, in ka tsananta zargi sai ta watsar da shi. Kada kuma ka dogara da lambar da ke kan allo. In abu ya yi nisa takan yi ta tsalle. Kunne ne alƙali, saboda haka kada ka fita ba lasifikar kunne.

Ga kuma Multi-IQ, fasahar da ke aika zango da yawa cikin ƙasa a lokaci guda. Kuɗinmu na da ba ƙarfe ɗaya ba ne. Aninin farko na 1907 alminiyam ne, daga baya aka koma gaurayen tagulla da nikel, sulallan da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913 kuma azurfa ne. Dogon zango ya fi jin babbar azurfa mai zurfi, gajeren zango ya fi jin ƙanana. Ita wannan baiwar Allah duk tana sauraronsu tare. Kai, madalla da wanda ya ƙera ta!

Ban taɓa shiga gonar mutum ba izini ba, kuma duk ramin da na tona sai na mayar da ƙasarsa. Wuraren tarihi kuwa ba na kusantarsu, domin yankin nan ƙasar al'adar Nok ce, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi sai da izininta.

Wata Asabar bayan ruwan dare, a gefen wata tsohuwar turba kusa da gindin ɗorawa, na ji wata siririyar ƙara, kamar kukan ɗan tsako daga nesa. Wurin nan na taɓa bi ta kansa a bara ban ji komai ba, lokacin ina da gaggawa. Na juya na sake shafawa ta ɗaya ɓangaren, ta sake amsawa. Na yanke ƙasa, na zurfafa fiye da taƙi guda, sai ga wani ɗan da'ira a cikin dunƙulen laka. Na murza da babban yatsa, huji ya bayyana, sannan tauraro mai tsini shida, sannan 1936. A ɗaya fuskar ga kambi a saman hujin, ga rubutun Larabci a ƙasansa, ga sunan Sarki Edward na Takwas a kewaye. Jikina ya ɗauki rawa. Sarkin nan bai cika shekara a kan gadon Ingila ba ya yi murabus, ko a ƙasarsa kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma ga shi a gonar doya a Kwali.

Dattijon mai gonar ya ajiye fartanya ya matso. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ku duba abin da gonarku ta ɓoye."

Ya ɗaga shi sama, ya leƙa ta hujin da ido ɗaya, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗana, kwabo ne. A zare mahaifiyata take shirya su, ta ɗaura a ƙugu in za ta kasuwa."

Na ce ya riƙe, nasa ne. Ya ƙulle shi a bakin rigarsa, sannan ya nuna mini wata kuka can gabas, ya ce a nan fatake ke yada zango a zamanin ƙuruciyarsa, in dawo Asabar mai zuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi.