Hannun da Ke Kwance Sukurun da Ya Kafe

Sukurun da ke riƙe da bayan kwamfutar tafi-da-gidanka kaurinsa milimita 2 ne ko biyu da rabi, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Amma ranar da ya kafe, shi kaɗai zai hana a kai ga fankar da ƙura ta toshe ko batirin da ya kumbura. A shagunan gyara na kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, a kan wannan ɗan ƙarfe ake gane gwani da ɗan koyo.

Garin ma ba ya raga wa na'ura. Da rani zafi na haura digiri 40, ƙura ta shiga ko'ina. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma damina ce mai ƙarfi, wadda ke raya dawa da riɗin da aka san Gadarif da su, ita ce kuma ke kawo laima da tsatsa. Yawancin kwamfutocin na hannu ne, sun sha kwancewa kafin su iso. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Khartum da ake sayo kayan gyara ta yi nisa, ga dubban mutane da suka gudo daga can, da kuma daga Wad Madani a Disambar shekarar, wasu ɗauke da kwamfutar da karatunsu ko takardun aikinsu ke ciki. Hausawan garin, jikokin waɗanda suka yada zango a kan hanyar Makka, su ma suna cikin masu kawo gyara. Idan murfi ya fashe a yau, samun wani sai an sha wuya.

Shi ya sa gwani ba ya fara da murɗawa. Sai ya share kan sukurun da tsinken allura, ya haska fitila, ya duba. Mai giciye ne, irin Phillips da aka fito da shi a Amurka a shekarun 1930? Ko mai tauraro mai tsini shida, Torx, na 1967? Ko kuwa mai kusurwa biyar da kamfanin Apple ya fara sa wa kayansa a 2009? Cikin masu giciyen ma akwai na Japan, wanda raminsa ya ɗan bambanta, sukundireban Phillips kan zame a cikinsa. Girma kuma lamba-lamba ne: PH0, PH00, T5, T8. Wanda ya ɗauki ƙarami ya sa wa babba, ya cinye kan sukurun tun kafin ya motsa.

A nan ne nake son mai karatu ya dubi hannun da kyau. Gwanin ya cire caja, da batir in na waje ne, ya kwantar da kwamfutar a kan tebur mai tauri. Ya dasa bakin sukundireba a miƙe sak, ya girgiza shi kaɗan don ya ji ko ya zauna daram. Tafin hannunsa na danna ƙota daga sama, yatsu uku na juyawa, kuma dannawar ta fi juyawar ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin mamaki, yakan fara ɗaurewa, ɗan mitsitsi zuwa dama, don tsatsar ta saki, sannan ya komo hagu. Za ka ji wani ɗan "ƙas", shi ke nan ya saku. In yaronsa ne ke riƙe da aikin ya ga bakin ya zame sau ɗaya, zai ce, "Tsaya, yaro, kada ka ƙara." Yaron ya ce, "Maigida, saura kaɗan." "Kaɗan ɗin nan ne ke kashe kai. Miƙo."

Wani lokaci ba tsatsa ba ce. Masana'anta kan shafa wa zaren sukuru wani shuɗin gam don kada ya kwance da jijjiga, musamman a maƙalar da murfi ke buɗewa a kanta. Maganinsa zafi. Gwani zai ɗora bakin ƙarfen narka dalma a kan sukurun na 'yan daƙiƙoƙi, gam ya yi laushi. Sai dai zaren yana shiga ne cikin wani ɗan gurbin tagulla da aka dasa a roba. Zafi ya yi yawa, robar ta narke, gurbin ya riƙa juyawa tare da sukurun, aiki ya koma biyu. Sanin lokacin ɗage hannu, shekaru ke koyar da shi. In kuwa tsatsa ce, ɗigo ɗaya na mai irin WD-40 a bakin tsinke ya isa, ba fesawa ba.

To idan wani ya riga ya cinye kan, ya zama rami sumul? Daga mai sauƙi ake farawa. A shimfiɗa yankin robar ɗaure kuɗi a kan ramin, a danna, ta cike gurbin da ya lalace. In ta ƙi, a gwada bakin Torx da ya ɗan fi ramin girma. In kan ya fito waje, ƙaramar filaya ta cije shi ta gefe. Bayan haka ne ake yanka masa sabon tsagi da siririn zarto. Huda shi da injin haƙa shi ne na ƙarshe, kuma kafin nan sai an rufe allon lantarkin cikin kwamfutar ruf da takarda da salatif, an ajiye maganaɗisu kusa, domin ɓurɓushin ƙarfe ɗaya a kan allon na iya haɗa wuta ya ƙone shi.

Da sukurun ya fita, sai a jera shi a kan takarda daidai wurin da aka ciro shi, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a gurbin gajere yakan huda allo ko ya tsaga murfi.

Wannan aikin ya cancanci a biya shi da daraja, ko da minti goma ya ɗauka. Kai kuma mai kwamfuta, in sukundireba ya zame maka sau biyu, don Allah ajiye shi, kada ka kawo wuƙar kicin. Kai ta wurin mai gyara tun giciyen yana nan.